Sha da Shaƙa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa daga tsakiyar ruwa. Ina fata ƙirjin ya sake ki, an sallamo ki daga asibiti kin koma kan keken ɗinkinki. Ni lafiya lau, sai dai jirginmu ya tashi da wuri fiye da yadda aka gaya mana, shi ya sa ban dawo na yi miki sallama ba. Na bar 'yata Tsuntsuwa wajen maƙwabciyarki mai wanki, da jakarta da maganinta. Wannan takardar ma sai mun tsaya a tasha ta gaba zan jefa ta, kin san a nan waya ado ce kawai.

Ga yadda muka yi da likitan yara. Sun sa ta barci, sun zura wata siririyar kyamara ta bakinta. Ya nuna mini hoton, ya ce hanyar abincinta ce ta kumbura daga ciki, shi ya sa burodi da nama suke tsaya mata a ƙirji. Na tambaye shi dalili, ya ce mai yiwuwa madarar nan ce. Kin tuna ni na dage a yi mata maganin horar da jiki, cokalin madara kullum ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, don jikinta ya daina ɗaukar madara abokiyar gaba. Kuma ya yi aiki, ke kika rubuto mini ranar da ta sha rabin kofi leɓenta bai kumbura ba. To ashe wasu yaran, fata ta lafa, ciki ya tashi. Garin neman gira mun taɓa ido, Yaya, kuma ni na ja mana.

Ya ce a daina cokalin madarar daga yau. Ya ba da magani, yana cikin aljihun jakarta, na fesawa ne a baki mai kama da naki na asma. Ta riƙa sha safe da yamma, fesa biyu-biyu, har ranar da za ku koma. Ya yi mini dogon bayani ina ta duban agogo, amma ke da kika shekara talatin da wannan abu ba ni zan koya miki ba.

Tun rasuwar mahaifiyarta ba ta san wata uwa ba sai ke. Ki riƙe mini ita.

Ƙaninki

*

Kuku,

Ina gaishe ka, duk da ba ka cancanta ba. Mutum ya zo hutu yayarsa na kwance ana ƙara mata iska, ya sulale kamar wanda ya ci bashi. Ƙirji ya yi sauƙi, na koma aiki, kayan makarantar yara sun taru mini har kan kujerar baƙi. Tsuntsuwa tana lafiya, tana nan a ƙasa tana tsince mini allurai da maganaɗisu.

Maganar madara ka daina dukan kanka. Ni ce nake auna cokalin nan kowace safiya, in zauna ina kallon leɓenta, in da laifi tare muka yi. Da na gaya mata an daina, sai ta tambaye ni ko ta faɗi jarrabawar ne. Na ce mata likita ne ya faɗi, ita ta ci. Ta yi dariya, amma na ga ta ɗauke ɗan kofinta daga kan tebur ta tura shi can bayan kwanuka.

Da na buɗe jakar na ga maganin sai da na yi dariya. Irin nawa ne sak, launi kawai ya bambanta, har takardar cikin kwalin da zanen mutum ya saka a baki iri ɗaya ce. Na ce yau ga ranar tsohuwar zuma. Ka san yawancin mutane ba su iya shan abin nan ba, sai su fesa ya tsaya musu a harshe, a yi asarar magani. Ni sai da na yi shekaru ina ɓarna kafin wata nas ta zaunar da ni ta gyara mini. Na zaunar da 'yarka kamar yadda aka zaunar da ni. Kwana biyu ta iya, yanzu har ta fi ni. Tana riƙewa sai ta ƙirga goma da yatsu, ido a waje, kumatu kamar na mai busa. Tare muke sha, ni da nawa ita da nata, a bakin taga kafin ta tafi makaranta. Ta ce mu biyu ƙungiya ce, kai ba ka ciki.

Ta ce in tambaye ka ko kifi yana leƙo ku ta taga. Ka ci abinci, na san halinka, ka ciyar da mutum talatin ka kwana da shayi.

Yayarka

*

Yaya,

Na gaishe ku ke da shugabar ƙungiya. Lafiyata ƙalau, sai ƙunar mai a hannu wadda ta kusa warkewa. Takardarki ta same ni bayan ta yi yawo tasha biyu, na karanta ta a tsaye ina jiran shinkafa ta tsotse, har mataimakina ya tambaye ni abin da nake wa murmushi.

Hankalina ya kwanta da na ji tana riƙe maganin kafin ya wuce. Na tuna likitan ma ya yi maganar a bar shi ya zauna ya yi aikinsa. Na san hannunki ba ya kuskure.

Ki gaya mata kifi ba ya leƙe, amma akwai wani tsuntsu da ke bin jirginmu don ɓawon burodi, kuma ya fi ta ci nesa ba kusa ba. Abin da ba ki faɗa mini ba shi ne ko ta fara cin abin kirki. Kullum in na yanka nama sai in ga hannuna yana yin ƙanana-ƙanana, ma'aikata na ƙorafi wai na mayar da su yaye. Ki rubuto mini abin da take ci.

Ƙaninki

*

Ƙanena,

Ina fata hannun ya warke. Mu muna nan da godiya, ni dai lafiya. Ka tambayi abin da take ci, na so in yi maka ƙarya, na kasa.

Tana cin ayaba in na dama ta, da romo, da shinkafa in ta dahu ta yi lugub. Loma ɗaya sai ta tauna ta har in gama nawa kwanon, kuma kowace loma da kurɓin ruwa a bayanta. Rannan na ga kumatunta ya yi tudu bayan mun tashi daga cin abinci, na ce ta buɗe baki, ashe naman tun ɗazu ne ta ɓoye, tana jiran in juya ta tofar. Malamarsu ta tare ni a ƙofar makaranta ta ce abincin da nake zuba mata ƙawayenta ke cinyewa, ita tana zaune tana ba su labari don kada a lura. Siket ɗin da na ɗinka mata farkon zango na rage masa ƙugu sau biyu. Ni mai ɗinki ce, tef ba ya yi mini ƙarya.

Ban taɓa tsallake maganin ba ko sau ɗaya, Allah shaida. Na je asibiti ranar da aka ba mu, aka ce likitan ya yi tafiya, aka ɗaga mana zuwa wani watan. Na gaya wa matar da ke kan teburin cewa yarinyar tana ramewa, ta tambaye ni ko tana shan maganinta, na ce tana sha, ta ce to mu ci gaba.

Ina jin tsoro, Kuku. Ba na son in ɗaga maka hankali kana inda ba za ka iya komai ba, amma ba ni da wanda zan gaya wa. Da ita nake dariya, in ta tafi makaranta in zauna gaban keke in kasa taka shi.

Yayarka

*

Ƙanena,

Ban ji daga gare ka ba, ban sani ba ko ta baya ta isa. Ka fara da sanin cewa Tsuntsuwa tana da rai, tana gida, tana barci a gadona yanzu haka da rana tsaka. Sauran ka karanta a zaune.

Ranar Laraba maƙwabciya ta aiko mana da nama. Yarinyar ta ga na damu da rashin cinta, ta ɗauki yanka guda don ta faranta mini, ta haɗiye. Ya tsaya. Numfashi tana yi, amma ko yawunta ba ya wucewa, ta riƙe ƙirji tana tofarwa a tawul, tana ba ni haƙuri wai ta ɓata mini tawul. Muka tafi asibiti. Suka sa ta barci suka ciro shi da kyamarar nan. Likitan ya dawo daga tafiyarsa, shi ya yi aikin. Ya ce hanyar ta ƙara tsukewa, kumburin da ya daɗe ya fara zama tabo, nan gaba sai sun riƙa buɗa ta da wani abu a hankali.

Washegari ya zo gadonta yana juya takardu, ya ce abin ya ɗaure masa kai, ya kamata a ce maganin ya taɓuka wani abu. Sai ya ce ta nuna masa yadda take sha. Ta miƙe zaune, ta gyara wuya, ta kalle ni. Ta fitar da numfashi duka, ta danna, ta ja shi can cikin ƙirji, ta riƙe, ta ƙirga goma da yatsu. Ko ni ban taɓa yi da kyau haka ba. Ta gama tana jiran a yaba mata.

Likitan ya ajiye takardun. Sannan ya tambaya a hankali, "Wa ya koya mata?"

Na ce ni ce, da alfaharina.

Ya ce, "Mama, wannan ba shaƙa ake yi ba. Fesawa za ta yi a baki ta haɗiye da yawu, ya bi hanyar abinci, kuma kada ta ci ko ta sha komai sai an jima. Duk wanda ta ja, huhu ya tafi."

Wata huɗu ke nan, Kuku. Ɗan abin da ke tsaya mata a harshe, wanda shi ne zai yi mata amfani, shi nake hana ta bari, har ruwa nake ba ta ta kora a bayansa. Kai a takardarka cewa ka yi ta sha. Ni kuma abin nan shekara talatin ina cewa na sha, kowa na cewa na sha, ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba. Ban tambayi kowa ba don ina ganin na sani.

Ban yi kuka a gabanta ba. Na fita baranda na nemi numfashi na rasa, na ciro nawa daga jaka, na tsaya ina kallonsa kamar ban san shi ba.

Yayarka

*

Yaya,

Na gaishe ki. Takardunki biyu sun zo mini tare a yau.

Wata huɗu. Yarinya tana narkewa a gabanki, kina rage ƙugun siket, ba ki ɗauki kwalin kin je kin tambayi ko mai sayar da magani ba? Na rubuta miki ƙarara cewa hanyar abinci ce. Tun ina yaro haka kike, abin da kika sani kin sani, ba mai gaya miki. Ni na sha wannan halin na girma, ita ba za ta iya ba.

Na rubuta wa ƙanwar mahaifiyarta. Gidanta yana kusa da babban asibiti inda ake buɗa hanyar, kuma ta daɗe tana roƙon a ba ta ita. Za ta zo ta ɗauke ta. Ki haɗa mata kayanta.

Ƙaninki

*

Yaya,

Don Allah ki karanta wannan ko da kin yi rantsuwa ba za ki sake buɗe takardata ba. Ina fata kina lafiya, ina fata ƙirjin bai tashi ba saboda ni.

Na jefa waccan takardar jirgi na shirin tashi, tun kafin igiya ta bar tasha na so in bi ta in ƙwace. Mako uku ke nan ba mu ga ƙasa ba, kullum ina tsaye kan tukunya ina maimaita abin da likitan ya gaya mini ranar nan. Ya faɗa, Yaya. Ya ce ta haɗiye, har ya nuna maƙogwaronsa da yatsa, ya ce kada a bi zanen da ke cikin kwalin. Na ji da kunnena. Na zo rubutu na ce ta sha, don a wajena abin da aka sha ciki yake tafiya. Da kika ce tana riƙewa ta ƙirga goma, na ɗauka a baki take riƙewa, na yi murna. Kalma ɗaya ce ta rage in ƙara, na yi ƙyuya, na ce ai kin sani.

Na rasa inda zan sa haushin kaina na juye miki. Ke kika yi mini wanka ina ƙarami, ke kika karɓi 'yata tana jaririya ranar da kowa ya rasa abin cewa, ban da bakin da zan gaya miki abin da na gaya miki. Zan sake rubuta wa ƙanwar mahaifiyarta in ce ta dakata. Kada ki haɗa kayan. Ku riƙa zuwa babban asibitin tare in ranar ta zo, ku dawo gida. Ki yafe mini.

Ƙaninki

*

Kuku,

Na karɓi gaisuwarka, na kuma yafe maka tun kafin ka roƙa. Ƙirji ya tashi sau ɗaya, ya kwanta. Takardarka ta zo ta tarar ɗakin a share, kwana tara da tafiyarsu. Taka ta farko ta fi ta biyu sauri, haka fushi yake.

Ba zan ce ta dawo ba, kai ma kada ka ce. Bari in gaya maka dalili.

Bayan mun dawo daga asibiti na yi ta ƙoƙarin sauya mata. In ce ta fesa ta haɗiye, sai ta danna, ƙirjin ya ja da kansa kafin ta tuna. Na koyar da kyau, abin ya zauna. Kuma ba jiki kaɗai ba ne. Ta ce mini likitan bai iya ba ne, ai Gwaggo ta ce masu barin shi a harshe asara suke yi. Duk lokacin da na ɗauki nawa a bakin taga sai ta ɗauki nata ta bi ni. Na koma shan nawa a banɗaki a ɓoye kamar mai shan taba, ta gane, ta riƙa tsayawa a bakin ƙofa tana ja tare da ni. Muddin tana jin numfashina a gidan nan, nawa za ta bi.

Da ƙanwar mahaifiyarta ta zo, mace mai hankali, ba ta ce mini komai ba sai godiya. Bayan kwana uku da tafiyarsu ta kira wayar maƙwabciya ta ce yarinyar ta ƙi haɗiyewa, ta ce ba za ta saɓa wa Gwaggo ba, wai in ta canza an fitar da ita daga ƙungiya. Aka ba ta wayar. Na ji numfashinta kafin ta yi magana.

Na ce mata, "Tsuntsuwa, abin da na koya miki ba daidai ba ne. Ban iya ba. Ni na sa kika daɗe ba ki warke ba."

Ta ce ƙarya nake yi don in sa ta sha.

Na rantse mata. Ka san ban taɓa rantse mata a kan komai ba, ba ta taɓa buƙata ba. Na ce daga yau in maganata ta yi karo da ta Anti ko ta likita, ta bi tasu. Sannan ta ce, "To," ta miƙa wayar.

Tun ranar tana haɗiyewa. An buɗa mata hanyar sau ɗaya, an ce ta jure. Shekaranjiya Antin ta gaya mini ta ci ƙwai da burodi ba ta nemi ruwa ba sai a ƙarshe. Maganar horar da jiki da madara likitan can ya ce a manta da ita tukuna, wataƙila har abada, kuma ita ba ta ƙara tambaya ba. Na yi murna, wallahi na yi murna, na zauna a kan tabarmar maƙwabciya na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Allah bai ba ni haihuwa ba, ya ba ni kai, ya ba ni ita, ban raina ba. Shekara takwas duk abin da na ce mata shi ne gaskiya, ko cewa na yi gobe za a yi ruwa sai ta ɗauki lema. Wannan ne na cire da hannuna don abinci ya wuce, kuma da za a sake, zan sake.

In ka sauka hutu ka fara zuwa wajenta, ni ina nan ba inda za ni. Ana ba ni ita a waya duk ranar hutun makaranta, tana gaishe ni da ladabi, tana ba ni labarin sabuwar malamarsu. Jiya na ji tana tari, na ce ta sa rigar sanyi in za ta fita. Na ji ta rufe bakin wayar da hannu, ta juya tana tambayar Antinta ko haka ne.

Yayarka